Yadda za ki shagaltar da yara a tsakar gida da bazara ba sai da waya ba

Assalamu alaikum iyaye mata 'yan uwana, barkanmu da zafi. Bazara dai ta kankama, daga Maris har ƙarshen Mayu nan Kano zafin rana na haura digiri 40, na Sakkwato da Maiduguri ma ya fi namu, ga wuta sai an ga dama a kawo, fanka a tsaye, ɗaki ya koma tanda, sannan ga yara an basu hutu suna gida tun safe har dare. Abin da ya fi mana sauƙi shine a miƙa wa yaro waya ya yi shiru, in caji ya ƙare kuka ya dawo sabo, har ya fi na farko. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ba da shawara cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kar a zaunar da shi gaban waya ko talabijin sam, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa 1 a yini, sannan 'yan shekara 1 zuwa 4 ɗin nan suna buƙatar wajen awa 3 kullum suna motsa jiki, gudu da tsalle da hawa da sauka. Awa ukun nan a tsakar gida za a same ta, ba sai an turasu layi ba inda mashin da adaidaita ke wucewa a guje.

Ni a ganina motar roba mai batir ta kanti ba ta riƙe yaro, kwana biyu ya ɓalle tayar ya jefar. Abin da ke riƙe shi yashi ne da ruwa da kara da gwangwani, abin da zai juya yadda ya so yau ya zama gida gobe ya zama kasuwa. Aikinki shine ki gyara wurin sau ɗaya, ki san lokacin fita da lokacin shiga, sauran su za su yi da kansu.

Ki fara da lura da rana. Yini ɗaya kacal ki duba inda inuwa ke faɗawa a gidanki. Da safe za ki ganta jikin katangar gabas, da yamma ta koma jikin katangar yamma, daga ƙarfe 11 zuwa la'asar kuwa babu inuwar kirki sai ƙarƙashin bishiya ko rumfa. Kenan wasa kashi biyu ne, na safe daga an karya kumallo zuwa wajen ƙarfe 10 da rabi, sai na yamma daga bayan la'asar zuwa kiran magariba. Masu darbejiya ko mangwaro a gida ku kam Allah Ya yi muku gyaɗar dogo. Wadda babu bishiya a gidanta ta samu buhunan shinkafa ta farke ta ɗinke su wuri ɗaya, ko tsohon zanin gado, ko zana in da hali, a ɗaure da igiya daga ƙusa zuwa ƙusa, rumfa ta samu. Kar dai a yi ta da kwano, kwano zafi yake saukarwa a kan yaran. Kuma kafin ki sake su da yamma ki taka simintin da ƙafarki ba takalmi, in ke kin ji ya ƙona ki to tafin ƙafar ɗan shekara 2 zai iya tashi. Ki yayyafa ruwa, ko na ɗaurayar wanki ne, minti kaɗan wurin ya huce har iska mai ɗan sanyi ta taso.

Kafin wasan komai dan Allah ki zagaya gidan ki duƙa daidai tsayin yaro ki duba, wannan shine wurin da nake so a fi ba muhimmanci. Rijiya a rufe ta da murfi mai nauyi ko mai kwaɗo, ba faranti ko langa-langa da yaro zai ture ba. Duro da manyan bokitai da baho masu ruwa a rufe ko a zubar, domin ƙaramin yaro nauyin kansa na rinjayar jikinsa, in ya leƙa bokiti ya kifa ciki ba zai iya ɗagowa ba kuma ba za ki ji ihu ba, ruwan da bai kai tsawon yatsa ba ya isa ya yi ɓarna. Kananzir da fetur da fiya-fiya da ake zubawa a robar lemo, a ɗauke su a kulle can sama, lokacin zafi ne yara suka fi sha saboda ƙishirwa suna zaton ruwa ne. In tsautsayi ya sa yaro ya sha kananzir kar a sa shi amai, kar a ɗura masa manja ko madara, aman ne ke kai kananzir ɗin huhu, a wuce asibiti kai tsaye. In akwai bini-da-zugu ko zurman a gidan ko bakin katanga ki sani 'ya'yansu guba ne kuma yara na ɗaukarsu kamar gyaɗa, tumfafiya kuma ƙaronta fari ɗin nan in ya shiga ido matsala ne. Tarin bulo da itace da tsofaffin kwanuka a kawar daga wurin wasa saboda kunama, zafi ke fito da ita. Janareta ma a nisanta, salansarsa na ƙuna ko an kashe shi.

Toh yanzu yashi. Wallahi in abu ɗaya za ki kashe wa kuɗi to yashi ne. Baro biyu ko uku daga inda ake gini ya isa, a tankaɗe shi da rariya a cire kwalba da ƙusa, a zuba a lungun da ya fi samun inuwa, a kewaye da bulo ko a zuba cikin tsohuwar tayar babbar mota. Ki tara musu robobin man shafawa da suka ƙare, murafen lemo, tsohon ludayi, mazurari, gwangwanin madara wanda aka daddake bakinsa ya daina kaifi. Busasshen yashi da jiƙaƙƙe wasa biyu ne daban, busasshe ana ɗurawa ana zubarwa ana aunawa, ɗan shekara 2 sai ya yi rabin awa yana cika gwangwani yana juyewa, jiƙaƙƙe kuma shi ake gini da shi, yaro ya binne ƙafarsa ya daddaɓa ya zare a hankali ɗaki ya fito, a yi katanga a yi titi a yi tuwon ƙasa a malmala a jera. Idan kin ga sun fara gundura ki binne murafen lemo guda 10 a ciki ki ce su tono, wanda ya fi samu shi zai binne na gaba. Da daddare a rufe yashin da buhu a danne da dutse, in ba haka ba kyanwa za ta mayar da shi banɗakinta, kuma da safe ki ɗan tona da tsintsiya kafin su sa hannu.

Sai ruwa, wanda shi ne sarkin wasan bazara. Na san ruwa tsada yake, jarka ɗaya wajen 'yan garuwa ba wasa ba ce a wannan lokaci, shi ya sa ban ce a cika baho su yi ta iyo ba. Bokiti ɗaya ya isa yara uku in an san yadda za a yi. Ki huda murfin robar ruwa da allura mai zafi ƙofa uku ko huɗu, ki cika, ta zama abin feshi, su yi ta bin juna. Ki basu soso da ƙaramar roba su wanke kekensu ko kujerun roba ko takalmansu na makaranta, a wajensu wasa ne ke kuma an rage miki aiki. Ki basu tsohon buroshi ko tsumma su yi zane da ruwa a jikin katanga, rana ta shanye su sake wani, babu datti babu faɗa da mai gida. Kumfa ma akwai, ɗan garin sabulun wanki a kofi da ruwa, a samu karan ganyen gwanda mai rami a tsoma a hura, amma wannan na manya ne da suka san bambancin hurawa da zuƙa. In kin samu ƙanƙara ki fasa ki zuba a faranti su yi ta taɓawa suna kallon yadda take narkewa. Sharaɗi ɗaya ne a wasan ruwa kuma ba na sassauta shi, babba yana zaune a wurin idonsa a kansu, ba 'yar shekara 7 da aka ce ta kula da ƙaninta ba, in za ki tashi ko ɗauko gishiri ne a kicin to ki kifar da ruwan ko ki tafi da ƙaramin. Ruwan da aka gama wasa da shi a zuba wa shuka ko a yayyafa a ƙasa.

Maganar shuka ma, ki huda gindin gwangwanaye ki cika da ƙasa da ɗan taki, kowane yaro da nasa, ya shuka wake ko masara ko gyaɗa. Wake ya fi saboda cikin kwana 4 ko 5 ya tsiro, yaro bai gaji da jira ba. Kullum da safe abin da zai fara nema kenan, ya ba shi ruwa ya gwada tsayinsa da tsinke. Gidan da ake kiwon kaji ko tattabaru ko 'yar akuya a bar wa yara aikin zuba musu ruwa da tsaba, dabbobin ma zafin na damunsu, yaro kuma ya koyi tausayi.

Wasanninmu na da kuma ban san dalilin da ya sa muka bari suna ɓacewa ba, alhali ba sa cin ko sisi. 'Yar gala-gala gawayi kawai take buƙata da tsingaro, a zana gidaje a siminti a jefa a bi da ƙafa ɗaya. Carafke 'yan duwatsu ne, a cilla ɗaya sama a kwashe na ƙasa a cafe, tana gyara hannu da ido sosai, sai dai a yi ta nesa da mai rarrafe kar ya haɗiye. Langa ta maza masu ƙarfi a jiki ce, a kama ƙafa ɗaya ta baya da hannu a yi ta tsalle ana ture juna, wannan a kan ƙasa ko yashi ake yinta ba siminti ba, kuma da yamma in rana ta yi sanyi. Ɗan akuyana a yi da'ira a riƙe hannu, ɗaya a tsakiya yana neman hanyar ɓallewa. Jini-jini tana yi ko a zaune a tabarma, mai ba da wasa yana kiran abubuwa, in mai jini ne a amsa in marar jini ne a ƙi, wanda ya yi kuskure ya fita, sai dai ki cire dukan da muke haɗawa da shi da. 'Yan shekara 7 zuwa sama a koya musu dara, ramuka 30 a yashi, layi 5 sau 6, kowa da 'ya'ya 12, ɗaya duwatsu ɗaya tsinkaye, ana neman jera uku a ci na abokin wasa. In akwai kaka ko tsoho a gidan a roƙe shi ya koya musu, zai ji daɗi fiye da yadda kike zato. Ga ɓuya, ga tsallen igiya, ga gare da tsohuwar tayar mashin in filin da ɗan faɗi, ga lilo in akwai reshe mai ƙwari. Ke dai ki shiga ki nuna musu sau ɗaya ko biyu, yaran yanzu ba ƙin wasannin suka yi ba, ba su taɓa gani ba ne.

Lokacin da rana ta take, daga ƙarfe 11 zuwa bayan azahar, ba lokacin gudu ba ne. A shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa ko a zaure ko baranda a koma aikin hannu. Karan dawa in za ki samu daga masu kawowa daga ƙauye abu ne mai albarka, a ɓare bayan a yi amfani da totuwar, a yi mota a yi tabarau a yi gadon 'yar tsana, babba ya riƙa yin ɓarewar domin bayan kara na yanka hannu. Kwalin taliya ko na sabulu a yi gida ko shago. Yumɓu ko laka mai danƙo a gina tukunya da shanu a shanya a rana, zafin nan awa kaɗan ya busar. 'Yan mata a basu ƙyallaye daga wajen tela su ɗaura wa 'yar tsana. Wasan kasuwa shi ne ya fi daɗewa a hannunsu, ganye ya zama kuɗi, murfin lemo ya zama mudu, ana saye ana ragi, ki ɗan tsaya ki saya ki nemi canji, lissafi ke nan suna koya ba su sani ba. Bayan an ci abincin rana kuma a watsa musu ruwa a kwantar da su, baccin rana ko na awa ɗaya ne yana rage rigimar yamma sosai.

Shan ruwa kar ki jira sai sun nema, yaro in wasa ya yi daɗi mantawa yake. Ki ajiye randa ko kula a inuwa kusa da wurin wasan da kofi wanda hannunsu zai kai, kina tunatar da su akai-akai. Zoɓo da kunun aya da jiƙon tsamiya duk suna yi, a rage sukari, in an kawo wuta ki ƙulla a leda ki daskarar ya zama abin tsotso da la'asar. Kunun aya dai ba ya jure zafi, in ya wuni a waje a zubar. Kankana da kokwamba da mangwaro ga su nan a kasuwa lokacinsu ne, a wanke sosai. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono kawai za a ƙara masa, ya ishe shi ba sai da ruwa ba, kuma shi ba a fitar da shi rana. Kaya a sa musu na auduga marasa nauyi, rigunan leda ɗin nan masu ƙyalli su ke kawo ƙurajen zafi.

Ki riƙa lura da jikinsu. Yaron da ya yi laushi ya daina wasa, leɓensa ya bushe, fitsarinsa ya ragu ya yi duhu, ko yana kuka ba hawaye, ruwan jikinsa ne ya yi ƙasa. A kai shi inuwa a cire masa riga a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, na leda da ake sayarwa a kemis ya fi, in babu to lita ɗaya ta ruwa mai tsabta wato ledar fiya wata guda biyu, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In ya ƙi sha, ko yana ta amai, ko ya fara ruɗewa, asibiti. Haka in zazzaɓi mai zafi ya zo da ciwon kai da sanƙarewar wuya kar a tsaya jiƙe-jiƙe, lokacin sanƙarau ne, awanni kaɗan na da muhimmanci.

Masu zama gidan haya da tsakar gida ɗaya ga ɗaki biyar, na san za ku ce ina filin yake. Ku haɗa kai ku matan gidan, yau wannan ce ke zaune da yaran da safe gobe waccan, ɗaya ta samu ta yi wankinta a natse. Yashin ma a babban baho za a iya zubawa a tura ƙarƙashin benci in an gama. Faɗa kuwa dole a yi shi, musamman kan ludayi ɗaya ko robar feshi ɗaya, shi ya sa ake tara abubuwan da yawa tunda ba saya ake ba. In sun fara ki ɗan dakata ki gani ko za su sasanta da kansu, sai in an kai ga duka ko watsa yashi a ido sannan ki shiga, wanda ya watsa ya zauna kusa da ke minti biyar. Kuma kar ki fito da komai rana ɗaya, ki ɓoye rabi a buhu, bayan mako ki musanya, za su karɓa kamar sabo. Datti kuwa ki sa a ranki za a yi shi, ki ware musu kayan wasa kala biyu tsofaffi ki daina jin ciwo, kafin magariba kowa ya tattara kayansa a buhu, a yi wanka a shiga ciki.

Iyaye maza ma akwai rabonku. In an dawo daga kasuwa ko ofis, minti 20 na ƙwallo da yaran a tsakar gida ko ɗaura musu lilo ko gyara rumfar nan ba zai rage muku komai ba, kuma yaro ba ya manta ranar da babansa ya duƙa ya gina masa gareji a yashi.

Bayan isha kuma tunda ɗaki ba ya shiguwa, dama a waje ake shimfiɗa, to lokacin tatsuniya ke nan, musamman daren farin wata. Ga ta nan ga ta nanku, su amsa ta zo mu ji ta, ki kawo musu Gizo da Ƙoƙi ko kura da ɗan akuya, in kin manta ƙarshen ki tambayi Hajiya ko Inna gobe. A haɗa da kacici-kacici, shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, baba na ɗaka gemu na waje, ki bari su yi ta cinka kafin ki faɗa musu tsintsiya ce da hayaƙi, in sun kasa su ba ki gari. Kwana biyu za ki ji su suna ƙirƙiro nasu. In za a kwana a wajen a ɗaura gidan sauro, a kakkaɓe tabarma da takalma da fitila a hannu saboda kunama.

Wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni in hadari ya fara haɗuwa sai tsarin ya ɗan canza. Guguwar farkon damina tana yaye rumfar buhu har da kwanon rufi, da kin ga gabas ta yi baƙi iska ta taso ki kwashe yara ciki ki kwance rumfar. Gwangwanaye da robobin wasa a riƙa kife su kullum, tayar lilo da ta yashi a huda musu ƙofa a ƙasa ruwa ya riƙa tsiyayewa, domin ruwan da ya kwanta mako guda ya isa sauro ya ƙyanƙyashe a ciki. Waken da suka shuka a gwangwani kuma lokacin ne za a mayar da shi ƙasa a jikin katanga.